Amsa ga mai tambaya kan fesa wa robar cikin mota fenti a gida

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce azurfar da ke jikin robar zagayen rediyo da giyar Corolla ɗinka ta goge, ka sayi baƙin fentin gwangwani ka fesa, ko mako biyu bai yi ba ya fara salewa da farce, ga ƙananan ramuka a wasu wuraren, kana so ka san inda aka samu matsala kafin ka sake.

Alamu biyun da ka ambata kowacce da sanadinta. Ramukan su ne masu fenti ke kira idon kifi, kuma kusan kullum man da ake goge dashbod da shi ne ke kawo su. Yawancin mayukan nan da masu wankin mota ke fesawa don roba ta yi ƙyalli akwai silikon a cikinsu. Shekara da shekaru yana shiga cikin ɗan zanen da ke jikin robar, kuma ruwa da omo sau ɗaya ba ya fitar da shi. Duk inda fenti ya tarar da shi sai ya janye jiki ya bar rami. Salewar kuwa tana nuna fentin zama kawai ya yi a kan robar, bai kama ta ba.

Kafin ka ƙara sayen ko gwangwani ɗaya, cire abin ka juya bayansa. Masu ƙera mota suna buga sunan robar a ciki tsakanin alamu biyu, za ka ga >ABS< ko >PC+ABS< ko >PP< ko wani abu kamar >PP+EPDM-T20<. Wannan rubutun shi ne zai faɗa maka aikin da ke gabanka. ABS tana da tauri, in ka ƙwanƙwasa ta da farce za ta yi ƙara, ita ake yawan yin zagayen rediyo da bakin esi da wajen maɓallan gilashi da ita, kuma tana karɓar fenti ba gardama. Raunin ta shi ne tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) mai ƙarfi da sinadarin asiton suna narkar da ita, sai ka ga fuskarta ta yi laushi ko ta tsattsage. PP kuwa, wadda ake yin ƙasan ƙofa da ginshiƙan gefen gilashi da akwatin gaba da ita, ba ruwanta da tina, sai dai santsi gare ta kamar kakin zuma. Ɗiga mata ruwa ka ga yadda zai dunƙule ya gangara, to haka take yi wa fenti. Ita dole sai an fara sa mata ruwan da ke haɗa roba da fenti. A jikin gwangwaninsa za ka ga an rubuta Adhesion Promoter ko Plastic Primer, ba shi da launi, tsinkakke ne kamar ruwa. Kada mai shago ya miƙo maka firaimar ƙarfe (fentin da ake fara shafa wa ƙarfe kafin launi) ja ko toka ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Shawarata ita ce ka sa wannan ruwan haɗin ko da ABS ce. Kuɗinsa bai kai wahalar sake aiki ba.

Wajen cirewa a bi a hankali, domin robar da ta sha ranar Arewa shekara goma sha ta riga ta bushe, kunnuwan da ke riƙe ta a jikin mota suna karyewa ba gargaɗi. Kada ka banƙara da sukuddireba tsirara. In babu abin banƙara na roba, naɗe bakin sukuddireban da salatif. Duba ƙarƙashin ƙananan murafu da cikin wajen ajiye kofi, nan ake ɓoye sukurori, in ka ja ka ji ya ƙi to akwai wanda ba ka gani ba. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare kowace waya. In aikin zai kai ka kusa da soket mai launin rawaya, na jakar iska ne: cire kan batir na nagatif ka jira aƙalla sakan 90, kuma kada ka murɗa makulli alhali soket ɗin a cire yake, fitilar gargaɗin jakar iskar za ta kama ta ƙi mutuwa sai an sa kwamfuta. Murfin jakar iskar kansa, na sitiyari da na gefen fasinja, kada fenti ya taɓa shi. An yi shi ne ya yage ta wani layi na musamman lokacin haɗari, ba a son wani abu ya canza hakan.

Fesawa a cikin mota ba tare da an cire ba, ba na ba da shawararsa. Ƙurar fentin tana bin iska ta sauka a gilashi da kujera da fuskar mita, duk yawan jaridar da ka rufa.

Sai tsohon fentin da ka fesa. Dole ya tafi gaba ɗaya, domin duk abin da ka ɗora a kansa ƙarfinsa bai wuce ƙarfin na ƙasan ba. Tunda bai kama ba, tsohon katin waya ko na banki da sifirit za su kwashe mafi yawansa, ragowar ka bi da samfefa mai lamba 400 da ruwa. Kada ka kusanto da maganin cire fenti na ƙarfe, zai cinye robar. Masu Golf 4 da Passat na wancan zamanin da ke karanta wannan, danƙon nan baƙi da ke manne muku a hannu a wajen maɓallan gilashi wani shafi ne mai laushi da kamfani ya yi, tsufa da zafi suka narkar da shi. Shi ma sifirit da tsumma da haƙuri ke cire shi, kuma sai ya fita tas kafin a yi maganar fenti.

Wankin shi ne rabin aikin, a nan kuma mutane ke gaggawa. Ruwa mai ɗumi, sabulun ruwa na wanke-wanke, da buroshin haƙori ko wani mai ɗan tauri. Ka cuɗa kowane lungu, ka ɗauraye, ka sake, aƙalla sau biyu, in robar ta saba shan mai sau uku. Ka fara wanki kafin ka goga samfefa, in ka juya tsarin samfefar za ta tura silikon ɗin cikin ƙarzunan da ta yi, daga nan fitar da shi ya zama aiki. Bayan ta bushe sai sifirit irin na kemis. Riƙe tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe ka shafa, ɗaya busasshe ka bi bayansa nan take kafin sifirit ɗin ya tashi. In ka bar shi ya bushe da kansa, dattin da ya narkar komawa zai yi inda yake. Fetur da kananzir ba su da wuri a nan, suna barin maiƙo. Gwaji mai sauƙi: zuba ruwa a kan ABS da ka wanke ka kuma goge. In ya shimfiɗu ya kwanta, ta yi tsabta. In ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, koma bakin famfo.

Gugar ta danganta da abin da kake so. In robar mai santsi ce kamar zagayen rediyo, samfefa 600 zuwa 800 da ruwa ta isa, burinka kawai ƙyallin ya mutu ko'ina, ba ka rage kaurin robar ba. In mai zane ce irin na fata kuma kana son zanen ya zauna, ajiye samfefa, za ta aske saman zanen ta bar ramukan da ƙyallinsu. Soson gugar fenti mai launin toka shi ne ke shiga cikin ramukan. Inda akwai ƙarzane mai zurfi, fara da 320 ko 400, ka sa firaima mai cike rami bayan ruwan haɗin, ta bushe, ka bi da 800. Kana gamawa ka sake ɗauraya, ka sake sifirit, daga nan kuma kada ka ƙara taɓawa da hannu tsirara. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya fito maka a ƙarƙashin fenti. Ruwa yana maƙalewa a ramin sukurori da bayan kunnuwa, iskar gwangwani ta fizgo shi tsakiyar aiki, don haka ka bar ta ta bushe sosai, ko awa biyu a inuwa.

Lokacin feshi yana da muhimmanci a wajenmu fiye da yadda ake zato. Da tsakar ranar bazara, fentin yana bushewa a iska kafin ya isa jikin robar, sai ya sauka da kaushi kamar yashi. Da damina, musamman bayan an ɗauke ruwa, danshi yana sa shi ya yi fari-fari kamar hazo. Hunturu kuwa bushewarsa mai kyau ce amma ga ƙura. Mafi dacewa shi ne da hantsi ko da la'asar sakaliya, a inuwa, inda iska ke wucewa amma ba ta kaɗawa, zafi tsakanin digiri 18 zuwa 27 in da hali. Yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Babban kwali da aka kwantar a gefensa yana yin ɗakin feshi mai kyau, ka ɗora abin a kan gwangwanin madara ko katako don ka samu fesa gefuna. Nesa da risho da gawayi da janareta da mai shan taba, domin iskar da ke cikin gwangwanin gas ce mai kama wuta.

Girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki, ka gwada a kan kwali tukuna. Tazara santimita 20 zuwa 25, kusan taƙi ɗaya. Ka danna kan tun kafin ka iso jikin abin, ka saki bayan ka wuce shi, hannu yana tafiya a miƙe, ba wuyan hannu ke lilo ba, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Ruwan haɗin shafi ɗaya ko biyu marasa kauri, ya ɗan jiƙa fuskar kawai. In ya taru ya kwanta, shi da kansa zai zama abin da zai sale. Yana da ƙayyadadden lokacin da ake ɗora fenti a kansa, yawanci mintuna ne ba sa'o'i ba, ka karanta bayan gwangwanin ka bi shi, kada ka fesa da daddare ka ce sai da safe.

Shafin launi na farko ya zama kamar ka barbaɗa, kana hango robar a ƙasansa. Zai yi muni, zuciyarka za ta ce ƙara, kada ka ƙara. Jira minti 10, ka yi na biyu, sannan na uku, na huɗu in da bukata. Gefuna da lunguna ka fara fesawa, sannan fili. Shafi mai kauri shi ke sa fenti ya yi hawaye, kuma a kan ABS tinar da ke cikinsa tana samun lokacin cin robar. In hawayen ya zo kada ka sa yatsa ko tsumma. Bar shi ya kwana biyu, ka goge da 1000 da ruwa, ka sake shafi. Ka kuma lura da wani tarko: yawancin fentin gwangwani sai dai ka ƙara shafi cikin awa ɗaya ko ka jira kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya ƙara a tsakani, sai ya ga fentin ya tattare ya yamutse kamar fatar tsoho. Haka ma in aka haɗa launin wani kamfani da kiliyar wani (kiliya ita ce fenti marar launi da ake ɗorawa a kan launi a ƙarshe) ba a gwada ba. Gwada duk jerin a bayan abin ko a kan wata karyayyiyar roba daga wajen 'yan gwangwan, bayan kwana biyu ka tsaga layuka da reza, ka manna salatif ka fizge. In ya taho da fenti, ka san akwai gyara tun ba ka ɓata na gaske ba.

Kan launi, baƙi mai ƙyalli yana da kyau a hoto amma kowane yatsa da ƙura sai sun nuna. Mai sheƙi tsaka-tsaki shi ya fi kama da na kamfani. Duk abin da ke saman dashbod ya zama marar sheƙi sam, in ba haka ba hotonsa zai riƙa dawowa a gilashin gaba ya kashe maka ido da rana. Saman dashbod mai laushi da fatar ƙofa kuma ba wannan fentin ake sa musu ba, akwai na musamman na leda da roba mai lanƙwasa, na gama-gari tsagewa yake yi a kansu.

Wuraren da hannu da makulli ke yawan gogar su, kamar zagayen giya da marikin ƙofa, suna son kiliya shafi biyu ko uku. Ta gama-gari tana yi, sai dai turare da man shafawa da sanitaiza suna laushe ta. Mai ƙarfin ita ce 2K, wadda ake fasa maganin taurinta ta ƙasan gwangwani. Da zarar ka fasa, kwana ɗaya zuwa biyu ne kawai kake da su kafin ta daskare a ciki, kuma tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai illa ga huhu. Takunkumin ƙyalle ko na asibiti ba ya tare shi, sai mai gwangwanayen gawayi a gefe, da safar hannu, kuma a fili, yara su yi nesa. In ba ka da irin wannan takunkumin, haƙura da 2K.

Na zagayen rediyo da giya da wajen maɓallan ƙofa huɗu, gwangwani ɗaya na ruwan haɗi, biyu na launi masu mililita 400, da ɗaya na kiliya za su ishe ka. Kana gamawa ka kifa gwangwanin ka danna har sai iska zalla ta fito, don kan kada ya toshe.

Bayan rabin awa za ka taɓa ka ji ya bushe, amma saman ne kawai. Ba shi kwana biyu kafin ka mayar, ka kuma danna ta kan kunnuwan da tsumma mai laushi a hannunka. Mako na farko ka nemi inuwa ka riƙa fakin, ko ka sa abin tare rana a gilashi, domin cikin motar da aka rufe a rana saman dashbod yana haura digiri 70, fentin da bai gama ƙwari ba sai ya yi laushi ya ɗauki shatin duk abin da ya taɓa shi. Wata guda kada a sa masa komai sai tsumma mai ɗanshi, ka kuma gaya wa yaron wankin mota tun kafin ya ɗauko gwangwanin man nasa. In ka cire ka ga rubutun bayan bai yi kama da waɗanda na lissafa ba, turo hotonsa a nan mu duba.