Leɓen yaro ya yi shuɗi: na'ura za a saya, ko asibiti za a nufa?

Wata uwa daga Zariya: Ɗana shekararsa biyu. Tun shigowar hunturu, in na yi masa wanka sai fatar cinyoyinsa ta yi dabbare-dabbare, kewayen bakinsa ya yi duhu-duhu. Can anjima sai ya washe ya koma wasansa. Ƙanwata ta ce in sayi na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin. In saya?

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Lokacin da abin ya zo, buɗe bakinsa a wuri mai haske ki dubi harshensa da dasashinsa da cikin leɓensa na ƙasa. Mu masu duhun fata, wajen leɓe ba ya faɗin gaskiya sosai, cikin baki ne ke faɗa. In harshen ja ne kamar kullum, yaron yana numfashi lafiya, kuma dabbare-dabbaren ya gushe da zarar jikinsa ya yi ɗumi, to galibi aikin sanyi ne: ƙananan hanyoyin jini na fata ne ke tsukewa don jiki ya adana zafinsa. Maganin wannan ruwan ɗumi ne, da wanka bayan rana ta ɗaga, da tawul a kusa. In kuwa harshen kansa ya yi shuɗi ko toka-toka, jinin ba ya samun isasshiyar iska ke nan, a nufi asibiti nan take.

Ita na'urar tana da amfani a hannun ma'aikatan lafiya, amma wadda ta cika kasuwa an ƙera ta ne don yatsan babba. Yatsan ɗan shekara biyu ba ya cika ta, ga sanyin hannu, ga mutsu-mutsu, ga baƙin lalle in akwai, duk suna rikita lissafinta. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ya yi ƙasa da 90 yana buƙatar oksijin. Sai dai a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa na'urar ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Abin da nake tsoro shi ne uwa ta ga 96 ta koma ta kwanta alhali ɗanta na jin jiki.

Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne ma'aunin zafin jiki, kuma ba shi da tsada. Dabbare-dabbaren da ya zo tare da zazzaɓi, hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau, yaro ya yi laushi ko ya ƙi shan komai, kuma ɗumi bai gusar da shi ba, wannan wani abu ne daban. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau da ƙwayar cuta a cikin jini duk suna zuwa da wannan kama. Ki kuma koyi ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur lokacin da yake kwance shiru. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri, kuma in ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, a zargi limoniya.

Tunda maganar ɗumi ake: kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. Iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma na'urar yatsa ba ta gane ta, lamba mai kyau za ta nuna miki.

Wani magidanci daga Maraɗi: 'Yata mai wata 18 in ta fusata sai ta tsala kuka ta shiɗe, bakinta ya yi shuɗi, wani lokaci har ta langaɓe. Surukata ta ce a sayo turaren hayaƙi, mai kyamis kuma ya ce maganin ƙarin jini. Wanne zan saya?

Malam, Allah ya ba ta lafiya. Yadda ka kwatanta ya yi kama da shiɗewar kuka, wadda ake gani tsakanin wata 6 da shekara 6, ta fi yawa wajen shekara biyu. Ba da gangan yaro ke yi ba, kuma yawanci cikin minti ɗaya numfashi ke dawowa da kansa. A kwantar da ita a gefenta. Kada a jijjiga ta, kada a sheƙa mata ruwa, kada a cusa mata cokali a baki.

Hayaƙi dai a haƙura da shi, a lallashi Hajiya da girmamawa. Huhun yaro ba ya son sa. Mai kyamis kuwa ya kusa da gaskiya, domin ƙarancin sinadarin ayan a jini yana da alaƙa da yawan shiɗewa, kuma cike shi yakan rage ta. Amma a fara da gwajin jini, likita ya yanke adadin da za ta sha daidai da nauyinta. Maganin ayan in ya yi yawa guba ne ga yaro, a ajiye kwalbar inda hannunta ba zai kai ba. Ka ɗauki abin a bidiyo da wayarka in ya sake faruwa, zai taimaka wa likita ya bambance shi da farfaɗiya. In ta shiɗe ba tare da kuka ko firgita ba, ko suman ya wuce minti ɗaya, kada a jira wayewar gari.

Wata kaka daga Gusau: Jikana ɗan shekara uku ne, ba ya girma kamar sa'o'insa. Da ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna yana haki, leɓensa ya yi baƙi, kan yatsunsa kuma sun yi kumburi. An ce asma ce, mu sayi injin shaƙa magani. Wani ya ce hoton zuciya. Kuɗin ɗaya kawai muke da shi.

Inna, hoton zuciya, ba ko tantama. Tsugunnon nan da kumburin kan yatsu alamu ne da likitocin yara suka sani sarai a cututtukan zuciya da ake haifar yaro da su, musamman wadda ake kira da sunan likitan Faransa Fallot, wanda ya yi bayaninta a 1888. Jinin da bai bi ta huhu ba ne ke ratsawa ta wata kafa a tsakiyar zuciya ya shiga jiki. Yaron da kansa ya gano cewa in ya tsuguna yakan ji sauƙi, don tsugunno na tura ƙarin jini zuwa huhu. Injin shaƙa ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan.

Ku fara da likitan yara a babban asibitin da ya fi kusa, ya saurari ƙirjinsa ya rubuta muku takardar turawa. Ana yin wannan hoto a asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma ba allura ba yanka, kamar hoton cikin mai juna biyu yake. Aikin tiyata ne ke gyara irin wannan zuciya, kuma gwargwadon saurin ganowa, gwargwadon sauƙin shiri. Kafin ranar, in abin ya taso masa, ku rungume shi ku naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa, ku kwantar masa da hankali, a nemo abin hawa. Ku riƙa ba shi ruwa isasshe, musamman in yana gudawa ko zazzaɓi, domin bushewar jiki na tsananta masa ciwon.