Gazon ɗin tsakar gidana ya yi sanƙo, ƙarangiya ta mamaye shi: akwai gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara 3 ke nan da muka tare a gidanmu da ke unguwar Yantala a nan Yamai, kuma tun damanar farko maigidana ya sa aka dasa gazon, wato ciyawar ado, a tsakar gida, mita 10 a tsawo, 6 a faɗi. Shekarar farko ya yi kore shar, amma yanzu ya yi sanƙo wuri-wuri, musamman ƙarƙashin dogon yaro da inda muka ɗaure ragunan layya bara. Inda bai mutu ba kuwa, ƙarangiya da aya-aya sun cika shi, har yara ba sa iya takawa babu takalmi. Kullum mai gadi yana yayyafa masa ruwa da tiyo da rana, mun kuma zuba masa takin tumaki sau biyu, amma sai ƙara lalacewa yake yi. Shin in fesa magani in kashe komai in sake dasawa, ko akwai gyara? Daga wata uwargida, Yantala.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai gyara, kuma ba sai kin kashe komai ba. Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, gazon ɗin ne ya yi rauni tukuna, sannan ƙarangiya da aya-aya suka tarar da ƙasa a buɗe suka zauna, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan kika kashe haki kika bar abin da ya raunana gazon ɗin, damana ɗaya ta isa ta mayar da ke inda kika fito.

Idan naki mai siririn ganye ne da ke yaɗo a ƙasa yana kafa saiwa a kowace gaɓa, to dangin kiri-kiri ne, kuma wannan ciyawa tana jure zafi da takawa ƙwarai, amma tana da sharuɗɗa biyu da ba ta sassautawa a kansu: tana son rana ta buge ta kamar awa 6 a yini, tana kuma son ƙasar da saiwarta za ta nutse. Saboda haka kafin ki kashe ko dala, ki sa a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya a wurin da ya yi sanƙo, a haƙa wani a inda ciyawar ke da rai, ki duba da idonki. Sau da yawa a sababbin gidaje, abin da hauya ke cin karo da shi bayan yatsu uku na rairayi shi ne marmara da ɓaraguzan siminti da magina suka binne. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan rami a wani gida, muka ciro rabin bulo da buhun siminti da ya daskare, saiwar ciyawar kuwa ta kwanta a kansu kamar tabarma domin ta rasa hanyar sauka. Inda ragunan suka zauna, ƙasar ta dandaƙe da takawa, fitsarinsu kuma ya ƙone ciyawar, don haka wurin yana buƙatar a sassauta shi da diga, a kwarara masa ruwa sau biyu ko uku ya wanke gishirin fitsarin zuwa ƙasa.

Ban ruwan da mai gadi ke yi shi ne babban abin da ya dame ni a wasiƙarki. Yayyafin tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, ba ya wuce fatar ƙasa, kuma kaso mai yawa iska ke kwashewa. Saiwa tana bin ruwa ne, idan ruwan ya tsaya a sama ita ma sai ta tsaya a sama, ranar da famfo ya ɗauke kwana biyu sai ciyawar ta bushe ƙarau. A koma ba da ruwa da sassafe, a bar shi ya jiƙa ƙasa har zurfin taƙi, sannan a tsallake kwana ɗaya a bazara, kwana biyu ko uku a hunturu. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: bayan ban ruwa a soka sandar ƙarfe, inda ta ƙi shiga nan ruwan ya tsaya. Kada kuma a riƙa watsa masa ruwan wanki mai sabulu da bilic.

Takin tumakin nan kuwa, ina kyautata zaton shi ne ya kawo miki ƙarangiya. Ɗanyen takin da aka kwaso daga turke yana zuwa da ragowar harawa da ciyawar daji, ƴaƴan haki na cikinsa da ransu, kina ba shi ruwa suna tsirowa. Taki yana da amfani sosai ga rairayinmu da ba ya riƙe ruwa, amma sai wanda aka tara a rami, ana jiƙa shi ana juyawa har wata 2 zuwa 3, ya yi zafi ya huce, ya koma baƙi mai laushi marar wari.

Ƙarangiya da tsidau shekara ɗaya suke yi su mutu, da iri suke dawowa, don haka maganinsu shi ne a tuge su da hannu tun ba su yi ƙaya ba, a share ƙayar da ta zuba da manjagara a ƙone. Tsohon buhu ko bargo da aka ja a kan ciyawar yana kwashe ƙaya mai yawa. Aya-aya ce mai wuyar sha'ani, domin tana da ƴaƴa a ƙarƙashin ƙasa, jere kamar carbi, kuma idan aka fizge ganyen kawai, ko aka sassare jeren da hauya aka bar shi a ƙasa mai laima, kowane ɗa sai ya fito da kansa. Amma tana da lago: ƴaƴanta ba sa jure bushewa. Wannan ya sa bazara ce lokacin yaƙarta. A yanke wa wuraren da ta yi yawa ruwa, a haƙe su, a tsince abin da ido ya gani, a bar ƙasar a kife rana ta gasa ta mako 2 zuwa 3, ana sake juyawa. Wadda ta tsira daga baya a riƙa cire ta tana ƙarama, kafin ta sake tara abinci a ƙasa.

Game da feshi, ban hana ki gaba ɗaya ba, amma ki san abin da za ki saya. Glifosat ba ya bambanta haki da gazon, duk koren da ya taɓa zai kashe, sai dai a yi amfani da shi a wurin da aka riga aka fid da rai. Maganin 2,4-D yana kashe haki mai faɗin ganye kamar tsidau ya bar ciyawa, amma ba zai taɓa ƙarangiya ba tunda ita ma ciyawa ce, kuma idan iska ta kai shi kan zogale ko tumatir ko dashen mangwaro, zai murɗe su. A tsakar gidan da yara ke wasa, fili mai murabba'in mita 60 bai fi ƙarfin hannu ba. Idan ya zama dole, a nemi wanda kwamitin tantance magungunan feshi na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, ya amince da shi, a guji na kwalbar da ba ta da takarda.

Bayan an gyara ƙasar, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki kamar bokiti ɗaya a kowane murabba'in mita, a daidaita, a ba ta ruwa kwana 10 domin sauran irin haki ya tsiro a kankare shi. Dashe ya fi kyau a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, idan damana ta zauna. Ba sai kin sayi sabon gazon ba: a yanko yaɗo daga wurin da ke da lafiya, kowane yanki da gaɓa 2 ko 3, a binne shi a bar kan a waje, taƙi ɗaya tsakani, a danne da ƙafa. Makonni 2 na farko kada ƙasar ta bushe, kuma a kewaye wurin da igiya. Cikin mako 6 zuwa 8 yakan rufe. Idan ya kama, a barbaɗa takin zamani na yuriya kimanin giram 10, wato cikin babban cokali ɗaya, a kowane murabba'in mita, da yamma, a bi shi da ruwa nan take don kada ya ƙone ganye. Wajen aski kuma kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa a lokaci guda, a bar masa kamar yatsu uku, domin inuwar ganyensa ce ke hana irin haki tsirowa.

Ƙarƙashin dogon yaron dai, shawarata ki haƙura da kiri-kiri a wurin, domin inuwar ta yi masa yawa, saiwar bishiyar kuma tana riga shi shan ruwa. Ko a rage rassa, sanƙon zai dawo. A zuba tsakuwa ko farin yashi a kewaye da bulo, ya zama wurin shimfiɗa tabarma. Wannan zai rage miki kuɗin famfo ma, domin a tsakiyar bazara gazon yana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita a yini, wato filinki duka yana neman fiye da lita 300 kullum, duro ɗaya da rabi. Idan kika cire gindin bishiyar da kusurwar da ake ɗaure dabbobi, kika tsaya a kan murabba'in mita 35 ko 40 da rana ke samu sosai, ruwan da kike bayarwa yanzu zai ishe su, ragunan bana kuma a kafa musu turke a can bayan gida tun kafin a kawo su.