Garmahon Garrard: kamfanin ya mutu, ko tara kayansa na da amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin jirgin ƙasa a nan Zariya, kuma cikin abin da ya bari akwai garmaho a akwatin katako, an rubuta Garrard SP25 a jikinsa, da faifai kusan arba'in. In na kunna sai injin ya riƙa ƙugi, farantin kuma ba ya juyawa sai na tura shi da hannu. Kwanan nan na ga wani Garrard ɗin a wajen 'yan gwangwan a Sabon Gari, sai sha'awar tara su ta kama ni. Amma an ce mini kamfanin ya daɗe da rufewa. Ina zan samu kayan gyara, kuma wanne ya cancanci a saya? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin komai, zare wayar garmahon nan daga bango, kada ka sake kunna shi sai an buɗe cikinsa. Injin da ke ƙugi alhali abin da yake ja ya cije, zafi yake ɗauka, kuma in wayar cikinsa ta ƙone to ka rasa abu guda da ya fi wuyar samu.

Gaskiya aka faɗa maka, kamfanin da ya ƙera shi babu shi. Asalinsa reshe ne na maƙeran gwal na Garrard da ke Landan, masu yi wa gidan sarautar Ingila kayan ado. A 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, aka kafa sashen ƙere-ƙere, daga baya ya zauna a garin Swindon yana yin injin garmaho mai sifirin da ake wanawa da hannu. Kamfanin Plessey ya saye shi a 1960, sannan a 1979 aka sayar da shi ga Gradiente na ƙasar Brazil, ƙira ta bar Ingila. Kayan Japan ne suka ci kasuwarsa. Technics ya fito da garmahonsa SL-1200 a 1972, wanda injinsa ke juya farantin kai tsaye ba tare da wata taya a tsakani ba, masu saye suka koma can. Sunan dai yana nan, don kamfanin SME na Ingila ya mallake shi a 2018, amma wannan ba zai ba ka ko kusa ɗaya ta SP25 ba.

Sai dai kada mutuwar kamfanin ta karya maka gwiwa. Garrard na wancan zamani ƙarfe ne da roba da sifirin, babu wani allon lantarki mai sarƙaƙiya a cikinsa. Ya fi kusa da keken ɗinki ko agogon bango a kan rediyo. Abin da ke kashe shi a wajenmu abu uku ne: giris da ya bushe, roba da ta tsufa, da hannun mai gyaran da bai san shi ba.

Naka, ina kyautata zaton giris ne. Man da aka shafa a masana'anta shekara hamsin da suka wuce, in ya haɗu da ƙurar hunturu ta Zazzau da zafin bazara, sai ya koma kamar ƙaro, ya riƙe duk ƙarfen da ya kamata ya motsa. Na taɓa buɗe wani da aka kawo mini daga Samaru, wanda ya yi shekaru a saman kabad. Da na ɗaga farantin sai ga gidan zanzaro guda biyu manne da ƙarfen canza gudu, ga giris ya zama ja-ja-ja, farce ba ya shigarsa. Kwana biyu ina jiƙa ƙarafan da kananzir ina gogewa da tsohon buroshin haƙori. Da na ɗiga man keken ɗinki a inda ya dace na tura farantin da yatsa, sai ya yi ta yawo shi kaɗai babu ko ƙara. Ban canza komai a cikinsa ba.

Ga yadda cikin yake, don ka san abin da za ka gani. A kan sandar injin akwai ƙarfe mai hawa-hawa kamar matakala, kowace hawa da gudunta. Tsakanin wannan ƙarfe da cikin bakin farantin akwai 'yar tayar roba. Injin ya juya tayar, tayar ta juya faranti. Wannan 'yar taya ita ce ran na'urar, kuma ba ta shiri da mai ko kaɗan. Na ga wanda aka kai wa mai gyaran rediyo, ya ga abu ya cije, ya tsiyaya masa baƙin man babur ko'ina har kan robar, daga nan sai sulɓi. Ka goge ta da sifirit a tsumma mai tsabta, haka cikin bakin farantin. In ka danna ta da farce ka ji tana da ɗan taushi, tana da sauran rai. In ta yi tauri kamar ƙaho ko ta tsattsage, sai an sake. Ana samun sababbi, ƙananan masu sana'a a Ingila da Amurka suna yin su ko su sake wa tsohuwar roba, ana saye ta intanet. Abin lura kuma, kada ka kashe shi ta hanyar zare waya ko ka bar shi a kunne in an ɗauke wuta. Ka mayar da makunninsa wajen kashewa, don shi ke janye tayar. In ta kwana tana dannuwa da ƙarfe sai gefenta ya loɓa, ka riƙa jin dum, dum a sifika duk zagaye.

Yanzu maganar wanne za a saya. Ba kowane abu mai sunan Garrard ne dukiya ba. Kamfanin ya yi masu canza faifai da kansu da yawan gaske, irin waɗanda ake jera faifai shida ko takwas a sanda suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ana sa su a cikin manyan akwatunan rediyo na falo. Su da na BSR, wani kamfanin Ingila da shi ma ya shuɗe, su ne suka fi yawa a gidajenmu. Suna da daɗin kallo, amma ba su da wani kuɗi a kasuwa, hannunsu mai ɗauke da allura kuma yana da nauyi a kan faifai. SP25 ɗinka ya fi su, na masu matsakaicin ƙarfi ne, kuma in an gyara shi da kyau zai yi maka hidima. Darajarsa a wajenka ta gado ce.

Waɗanda masu tarawa a duniya ke nema su ne 301 da 401. An fara sayar da 301 a 1954, shi kuma 401 ya gaje shi a 1965 ya kai tsakiyar shekarun 1970. An yi su ne don gidajen rediyo da masu kunnen jin sauti, BBC ma ta yi aiki da su. Jikinsu zubin alminiyom ne mai kauri, injinsu babba, gudu uku: zagaye 33, 45 da 78 a minti, ga maɓallin ƙara ko rage gudu kaɗan. Na farko-farkon 301 launin toka ne kuma boris ɗinsu da giris yake aiki, na baya farare ne, yawancinsu kuma da mai. Abin da ke ruɗar mutane shi ne tsirara ake sayar da su, babu hannu babu akwati, mai saye ne ke haɗa nasa. Saboda haka in ka ga faranti da inji kawai a tarin ƙarafa, kada ka ce ai ba cikakke ba ne, duba lambar. Gari irin Zariya, da Turawan jirgin ƙasa suka zauna, ga malaman Ingila da suka koyar a Jami'ar Ahmadu Bello tun kafa ta a 1962, ba abin mamaki ba ne a yi kiciɓis da irinsu. In ka samu 301, ka sa safar hannu kafin ka taɓa ƙarafan ƙarƙashinsa, kada kuma ka kankare su, domin an shafe su da kadmiyom, guba ne. Akwatin kuwa kafinta mai haƙuri zai yi maka, a manne filawud hawa-hawa har ya yi nauyi sosai, nauyin ne ke shanye girgizar injin.

Akwai biyu da nake so saboda ƙirarsu. Lab 80 na 1964, wanda hannunsa na katakon afrormosiya ne, itacen da ke fitowa a dazukan Afirka ta Yamma, sai Zero 100 na 1971, mai hannu biyu a jere da ke karkata kan allurar yayin da take shiga tsakiyar faifai. Amma cikinsu ya cika sarƙaƙiya, ba da su ake fara koyo ba.

Wanda ka gani a Sabon Gari, ka koma da fitila ka duba bayanin da ke jikin injin. In an rubuta 200 zuwa 250 bolt da 50Hz, na ƙasarmu ne, don wutarmu iri ɗaya ce da ta Ingila. In 110 ko 120 ne da 60Hz, daga Amurka ya zo. Taransifoma za ta gyara maka bolt, amma ba za ta gyara gudu ba, domin gudun injin nan da bugun wutar yake tafiya. Maimakon zagaye 33 a minti sai ya yi wajen 28, muryar mawaƙi ta yi kauri tana ja, sai an canza ƙarfen nan mai matakala. Wannan dalilin ne ma ya sa ƙaramin janareta ba abokin garmaho ba ne, in an kunna firiji ya nauyaya sai waƙar ta nauyaya tare da shi, sitabilaiza kuma ba ta da maganin wannan. In da inbata za ka yi amfani, ka tabbata mai ba da tsarkakakkiyar wuta ce (wadda ake ce wa pure sine wave), mai arha tana sa inji ƙugi da zafi. Gwajin gudu kuwa ba ya buƙatar na'ura: manna 'yar takarda a bakin faranti, ka ƙirga. A gudun 33, wanda ainihinsa 33 da sulusi ne, zagaye 100 cif ya kamata ya yi a minti uku. Sannan ka kama farantin ka girgiza shi gefe da gefe, in yana lilo boris ya ci. Ka duba hannu bai lanƙwashe ba, ƙaramin abin da ake ɗora kan allura a kansa kuma yana nan, don neman shi kaɗai yakan fi kuɗin na'urar. Mutacce mai arha irin naka ma abin saye ne, shi ne shagon kayan gyaranka.

Faifan Baba kuwa sun fi garmahon tsada a wajena, musamman in akwai na kalangu ko kukuma ko kuntigi a ciki, domin da yawansu ba a sake buga su ba. Kada ka ɗora musu tsohuwar allura. Kada kuma ka yi abin nan da muka taso muna gani, a ɗaure kwabo a kan hannu don kada allura ta yi tsalle, noma ramin faifan take yi. Ka duba irin kan allurar: in na siramik ne zai yi magana a amfilifaya kai tsaye, in mai maganaɗisu ne sai ta ramin da aka rubuta phono, kuma nauyin giram biyu zuwa uku ya ishe shi. Ka ware masu gudun 78, za ka gane su da nauyi da saurin fashewa. Su da shalak, wani irin ƙaro, aka yi su, allurarsu ta fi kauri, sifirit kuma narkar da su yake yi, don haka ruwa da ɗigon sabulu kawai, a shanya a inuwa. Duka ka jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da rufin kwano, don rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta mayar da faifai kamar marfin tukunya.

Ka fara da na Baba. Ɗauki hoton kowane ƙarfe da wayarka kafin ka kwance shi, ka zuba ƙananan kusoshi a murfin kwalba, ka nemi mai gyaran agogo ko keken ɗinki ya zauna tare da kai in hannunka bai saba ba. In ya tashi, ka aiko mini da lambar wanda ke Sabon Gari kafin ka biya kuɗi.