Hukuncin kiran kasuwa ko unguwa "Makkar kaza"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nima ne, ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai da ke Accra, Ghana. Zan sake allon shago, sai mai rubutun ya ba ni shawara a sa "Makkar kayan mota", wai haka ake kiran duk wurin da jama'a ke tururuwa. Kawuna da ya ji ya ce kafirci ne, in na sa ba zai ƙara taka shagon ba. Amma kullum muna jin 'yan rediyo suna kiran Bukom Makkar dambe. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da ka yi tambaya kafin fenti ya hau allo.

Maganar kafirci dai a ajiye ta gefe. Kawunka kishin addini ne ya ɗebe shi, Allah Ya saka masa, amma ba a fitar da Musulmi daga Musulunci saboda kwatance. Ɗan rediyon da ya kira Bukom Makkar dambe nufinsa unguwar da ta fitar da su Azumah Nelson da Ike Quartey, ba wanda ya ji shi ya ɗauka ana ɗawafi a can. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ana hukunta al'amura da manufarsu. Larabawa ma sukan ce wa babban malami alƙiblar ɗalibai. Izgili da alamomin Allah shi ne kafirci, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba aya ta 65 da 66, kuma kai ba izgili ka nufa ba.

To amma kuɓuta daga kafirci daban, dacewa daban. Abin da ya ɗaukaka Makka ba cunkoson jama'a ba ne. Kwari ne marar shuka a lokacin da Annabi Ibrahim ya ajiye iyalinsa a can, kuma tun a lokacin tana da alfarmarta. Allah Ya kira ta Bakka a Ali Imrana aya ta 96, Ya kira ta Ummul Ƙura, Ya yi rantsuwa da ita a Suratut Tin. Ranar da aka buɗe ta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa Allah Ya haramta garin tun ranar da Ya halicci sammai da ƙasa: ba a sare ƙayarsa, ba a korar dabbar farautarsa. Salla ɗaya a Masallacinta ta fi salla 100,000 a waninsa. Wanda ya mayar da wannan suna ya koma "inda ake cika", ya riƙe ƙura ya saki doki.

Saboda haka hukuncin yana bin wurin da aka liƙa wa sunan.

In wurin saɓo ne, gidan caca ko mashaya ko gidan rawa, haramun ne, ba wani kewaye-kewaye. A Ingila akwai kamfanin cacar bingo da ke amfani da sunan Makka ƙarara. Musulmi ba ya raɗa irin wannan suna, ba ya buga allonsa, ba ya yi masa talla.

In wurin halal ne kamar shagonka, ko kasuwar Kejetia, ko Suame Magazine ta makanikai a Kumasi, a maganar baka wadda ta wuce ba laifi ba ne mai jawo zunubi, kodayake barinta ya fi. Rubuta shi a allo kuwa ina ganin makaruhi ne, kuma dalilina shi ne toshe ƙofar ɓarna, wanda malamanmu Malikawa suka riƙe da ƙarfi. Sahabbai sun kasance suna ce wa Annabi "ra'ina" da kyakkyawar niyya, amma da Yahudawa suka karkatar da kalmar zuwa zagi, Allah Ya hana muminai faɗinta a Baƙara aya ta 104. Kai ka fi ni sanin Abossey Okai. Direban trotro, wato motar haya, zai sayi famfon mai a wurinka, kwana biyu ya mutu masa a hanyar Kasoa, ya dawo yana kumfar baki. Da wane suna zai zagi shagon? "Makkar nan ɓarayi ne." Ga rasit mai ɗauke da sunan, yaron shago ya goge baƙin mai da shi ya jefa a kwata. Wanda ba Musulmi ba ne ya zaga, amma kai ka miƙa masa sunan.

Wani zai ce, ai ga Madina nan a Accra, ba wanda ya yi magana. Wannan suna ne da Musulmi suka raɗa wa mazauninsu don ƙauna da neman albarka, kamar yadda muke sa wa 'ya'yanmu sunayen Annabawa. Ba tallar haja aka yi da shi ba.

Wanda ya fi damuna shi ne na ukun, wato liƙa sunan ga wurin ibada, kuma mutane ba su cika lura da shi ba don yana sanye da rigar addini. Tsohon masallacin Larabanga mai ginin laka, kusa da gandun dajin Mole, masu yawon buɗe ido suna kiransa Makkar Afirka ta Yamma. Masallaci ne mai daraja da tarihi, ka je ka gani ka yi salla, ba laifi. Amma da zarar wani ya ƙudurta cewa zuwa can, ko zuwa kabarin wani shehi, yana tsayawa matsayin Hajji ga talakan da bai da kuɗin kujera, to nan an taɓa aƙida. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku: Masallacin Harami, da na Manzo, da na Ƙudus. A Yaman an taɓa yin wani ɗakin gunki, Zul Khalasa, ana ce masa Ka'abar Yaman, Annabi ya tura Jarir ɗan Abdullahi da mahaya 150 suka ƙone shi. Abrahata ma abin da ya nema ke nan, ya gina coci a San'a don ya juyar da mahajjata, ƙarshensa kuwa yaranmu na makarantar allo suna karanta shi a Alam tara kaifa. Ba ina haɗa masallaci da ɗakin gunki ba ne, Allah Ya tsare. Nufina, shari'a ba ta yarda a yi wa Ɗakin Allah kishiya ba, ko da a suna. Wanda bai da iko, Hajji bai hau kansa ba, kuma ba a neman masa madadi.

Game da allonka, ka ce wa mai rubutun ya sa "Cibiyar kayan mota" ko "Matattarar direbobi", ko sunan mahaifinka. Sannan ka je wurin kawunka da kanka, ka gaya masa ka fasa, kada ka tsaya nuna masa inda ya zarce a hukunci. Wallahu a'alam.