Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Za mu tafi Umara ni da mahaifiyata. A tikitinmu an rubuta tashi daga Kano ƙarfe 10:00 na dare, sauka a Jidda ƙarfe 4:30 na asuba. A dawowa kuma tashi 2:00 na rana, sauka 4:30 na yamma. Yaya za a ce zuwa awa shida da rabi, dawowa awa biyu da rabi? Mene ne ainihin nisan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada. Tikitinku daidai yake, agogo ne ya ruɗa ka. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, kuma a tikiti kowane lokaci na garin da aka ambata ne. Sa'ad da agogon Jidda ya nuna 4:30 na asuba, a Kano 2:30 na dare ne. Ka ga ke nan awa huɗu da rabi za ku yi a sama. A dawowa sai ka ƙara awa biyun maimakon ka cire, lissafin ya sake ba ka huɗu da rabi.

Nisa kuwa, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe. Madina ta ɗan fi nisa, wajen kilomita 3,550. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, wato tafiyar awa huɗu. Ragowar rabin awar tana tafiya ne wajen hawa da saukowa, inda ba ya sakin gudu, da jiran a ba shi izinin sauka. Iska ma tana da nata rabon: idan tana bayan jirgi ta rage mintoci, idan tana gabansa ta ƙara.

Sai dai wannan lissafin na miƙaƙƙiyar hanya ne, wadda ta ratsa Chadi da Sudan ta tsallake Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur har Suwakin, wasu su shekara ba su isa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai na shekarar suka riƙa zagaye, lokaci da kuɗin mai duk suka ƙaru. Saboda haka kada ka dogara da taswira kaɗai, abin da kamfanin ya rubuta a tikiti shi ya fi kusa da gaskiya.

Tunda da dattijuwa za ka tafi, shawarata ku riƙe wannan jirgin da ba ya yada zango, ko da ya fi tsada. Masu bi ta Alƙahira ko Adis Ababa sukan yi araha, amma zaman jira a can na iya cinye wuni guda. Ka kuma lissafa awa ukun da ake so ku iso fili kafin tashi, da layin jami'an shige da fice a Jidda, sannan tafiyar mota ta sama da awa ɗaya zuwa Makka. Ka nema mata keken guragu tun wajen yankar tikiti, don filin Jidda akwai tafiyar ƙafa.