Amsa ga mai tambaya kan Undertale: abin da ya kama ni da abin da ya gundure ni

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, cewa kana jin ana ta yabon Undertale amma da ka duba hotunansa sai ka ga kamar gem ɗin shekaru talatin da suka wuce, kana so ka san ko ya cancanci lokacinka, ko ƙaramar laftof za ta ɗauke shi, kuma ko sai ka karanta bayanin yadda ake cin sa kafin ka fara. Na buga shi sau uku daga farko har ƙarshe, don haka bari in gaya maka abin da na gani.

Maganar na'ura ba ta da tsawo. Wasan bai kai ko rabin gigabait ba, kuma kusan duk kwamfutar da ke iya buɗe bidiyo za ta ɗauke shi. Ya fito a watan Satumba na 2015 a kan kwamfuta, daga baya ya shiga na'urorin buga gem, PlayStation 4 a 2017, Switch a 2018, Xbox a 2021. Wani Ba'amurke mai suna Toby Fox ne ya yi kusan komai a cikinsa, labari da kiɗa da haɗa shi a manhajar GameMaker, sai Temmie Chang da ta taimaka sosai wajen zane. A 2013 ya nemi dala 5,000 a Kickstarter, shafin neman tallafin kuɗi daga jama'a, mutane suka tara masa sama da dala 51,000. Ka riƙe wannan a ranka, don yawancin kyawun wasan da yawancin aibinsa daga nan suka taso: kan mutum ɗaya ne, da ɗanɗanonsa da iyakarsa.

A cikin wasan, kai ne yaron da ya faɗa wani rami ya tsinci kansa a ƙarƙashin ƙasa inda aka kulle dodanni. In faɗa ya tashi, za ka ga wata 'yar jar zuciya cikin akwati, ita ce kai, kana kauce wa abin da ake jefo maka. Farin hari ka kauce masa, shuɗi ka tsaya cak ya wuce ta kanka, ruwan lemo kuma sai kana motsi yake wucewa ba ya taɓa ka. A ƙasa akwai zaɓi huɗu: ka kai duka, ka yi mu'amala da dodon, ka ɗauki wani abu daga kayanka, ko ka yi afuwa. Kowane dodo da halinsa. Wani yabo yake so, wani so yake ka saurare shi, akwai karnukan da shafa kai kawai suke nema. Ka gano abin da yake so, sunansa ya koma rawaya, ka sallame shi ba tare da ka kashe shi ba.

Abin da ya kama ni ya faru ne tun a sa'ar farko, kuma zan ɗan tona asirin wannan wurin kaɗai, ka yi haƙuri. Akwai Toriel, wadda ta tsince ka ta riƙe ka kamar ɗanta, sannan ta tare ƙofa don kada ka fita a kashe ka. Na gwada magana, wasan ya nuna min magana ba za ta yi ba. Sai na ce bari in rage mata ƙarfi tukuna, kamar yadda na saba a wasu wasannin. Ashe in ƙarfinta ya yi ƙasa, duka ɗaya ke ƙarasa ta. Wallahi na daɗe ina kallon allon ban taɓa komai ba. Na koma inda na adana wasan, na sake shiga, na yi ta danna afuwa fiye da sau 20 ina shan wuta har ta haƙura. Na fito da murna, sai ga wani fure mai magana, Flowey, yana jirana, ya gaya min ya san abin da na aikata kuma ya san na koma baya don in goge shi. Tsigar jikina ta tashi. Shekaru ina buga gem da tunanin cewa in ka sake lodawa shi ke nan an yafe, wannan shi ne na farko da ya ƙi mance min.

Daga nan na gane inda ƙarfin wasan yake. Afuwa a cikinsa tsada gare ta. In ba ka kashe kowa ba, ba ka ƙara mataki, haka za ka kai ƙarshe da makin lafiya 20 ɗin da ka fara da su, alhali hare-haren sai ƙara zafi suke. Wanda ke kisa jikinsa na ƙarfi, amma garuruwa na yin shiru, masu shago na gudu, har kiɗan yana sauyawa ya yi nauyi. Shi ya sa nake roƙonka kada ka karanta bayanin kowa kafin zagayen farko. Ka shiga da halinka, ka yi kuskurenka. Kammalallen ƙarshen masu afuwa ma ba ya buɗewa sai ka taɓa kai ƙarshen da ke tsaka-tsaki, don haka babu abin da ka rasa.

Kiɗan kuwa ban da abin cewa. Waƙoƙi 101 ne a kundinsa, kuma 'yan sautuka kaɗan ne ke ta dawowa cikin sabuwar riga, ta yadda abin da ka ji a gidan Toriel zai same ka a ƙarshe lokacin da ba ka shirya masa ba.

To, aibi. Masu cewa zanen bai yi ba suna da gaskiyarsu. Fuskokin manyan 'yan wasa suna da rai, amma wasu ɗakunan fayau suke, kuma ba salo ba ne, ƙarancin hannu ne. Babu maɓallin gudu, sai tafiya a hankali, abin da ke ci wa mutum rai in ya koma baya neman wani abu, ga jaka mai ɗaukar kaya 8 kacal. Yawancin wasannin ƙwaƙwalwar da aka sa a hanya ba sa sa ka tunani. Yankin Hotland ne ya fi gundurata: wata masaniyar kimiyya mai suna Alphys tana ta kiranka a waya tana aiko saƙo kusan kowane ɗaki, wani lokacin ta gaya maka amsa kafin ka ma kalli matsalar. Na fahimci an yi haka ne don a nuna halinta na rashin natsuwa, kuma daga baya labarinta ya taɓa ni, amma a zagaye na biyu da na uku haƙuri kawai na yi da wurin.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda masu yabo ba su cika faɗa ba. A hukumance Turanci da Japananci kawai ake da shi, kuma rabin barkwancin Sans da Papyrus, wasu ƙwarangwal biyu 'yan'uwan juna, wasa ne da kalmomin Turanci. In Turancinka na karatu ne kawai, za ka bi labarin lafiya lau, amma wasu wuraren za su wuce ka ba ka san an yi raha ba. Wanda kuma ke neman RPG, wato gem ɗin da kake shiga matsayin jarumin labari, mai lissafin makamai da gina tawaga da zurfin dabarun yaƙi, ba zai same shi a nan ba. Sa'o'i shida zuwa takwas ka gama zagaye ɗaya.

Hanyar kashe kowa ita ce ta uku da na bi, kuma ba na ba ka shawarar ta. Da gangan aka yi ta mai gajiyarwa: kana zagaye wuri ɗaya kana jiran dodo ya fito, suna ƙara ƙaranci, har wasan ya ce babu wanda ya zo. Faɗa biyu mafi wuya a wasan suna can, na Undyne, shugabar dogaran sarkin dodanni, da na Sans, kuma na Sans ya ci min kwanaki. In ka kai ƙarshenta, tabon yana bin ka har cikin kyakkyawan ƙarshen da za ka sake nema daga baya. Ni na yi ta don son ganin komai, kuma har yau ina jin da na bar mutanen nan a inda na sallame su a zagaye na biyu.

In ka fara, ka riƙa yi wa kowa magana sau biyu, ka kira Papyrus a waya a ɗakuna daban-daban da zarar ya ba ka lambarsa, akwai rubutu mai yawa da aka ɓoye a nan. In ka wuce Snowdin, garin ƙanƙarar da ke farkon wasan, bai kama ka ba, da wuya sauran su kama ka. Ka dawo ka gaya mana yadda kuka ƙare da Toriel.