Amsa ga Malamar da yaranta suka kasa gane darasin turi da ja

Wa'alaikumussalam Malama. Wallahi da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta, kin ce yaranki 'yan aji biyu sun haddace ma'anar fos (wato ƙarfin turi ko ja) da Turanci suna rerawa kamar waƙa amma in kin tambaye su da Hausa sai su yi zuru, ga shi ba a ba ki kayan aiki ba. Shekarata bakwai ina koyar da besik sayans a firamare nan cikin garin Bauchi, na sha wannan baƙin cikin.

Ni dai abin da ya fisshe ni, na daina fara darasin daga allo. Fos ɗin nan fa turi ne ko ja, shi ke nan, kuma yaran nan kullum a cikinsa suke. Ɗan garuwa tura kura yake, mai ɗiban ruwa a rijiya jan guga yake. Ki sa yaro ya tura benci ba kowa a kai, sannan ki zaunar da yara biyu ya sake turawa, da bakinsa zai ce miki "Anti ya yi nauyi sai na ƙara ƙarfi". To ai ya gane kenan, Turancin ya biyo baya.

Amma dan Allah ki fara sanar da hedimasta kafin ki fita da su waje. Ni rashin yin haka ya ja min wulaƙancin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. A wata makarantar kuɗi da na fara aiki, na roƙi tsohuwar tayar babur wajen mai faci, na fita da yara fili muna gara ta a kan siminti sannan a kan yashi su ga inda ta fi saurin tsayawa, yara sai murna suke, har wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya ce "Anti yashin ne yake riƙe ta". Ina cikin jin daɗin nan sai ga mai makarantar. Ko sallama babu. A gaban yarana, a gaban mai gadi da masu sayar da awara, ya ce iyaye sun biya kuɗi ne don a koya wa 'ya'yansu wasan gare? Ya ce in ban iya koyarwa ba in koma gida in yi raino. Ya fizge tayar ya wurga bayan katanga. Yaran suka yi tsit, wata ƙarama ta fashe da kuka. Na shiga ofis na rufe fuskata da hijabi, hawaye ya ƙi tsayawa. Kuma ƙarshen wata sai da ya zaftare min albashin da dama bai taka kara ya karya ba, mutumin da bai taɓa riƙe alli ba fa! Na bar shi da Allah. Mu malaman makarantun kuɗi Allah kaɗai ya san abin da muke haɗiyewa.

To abin da yaron nan ya faɗa shi ne gaskiyar darasin. Yara suna ɗauka taya tana tsayawa ne don ƙarfin da aka tura ta da shi ya ƙare, alhali gogayya da ƙasa ce take tsayar da ita, shi ya sa ta fi nisa a kan siminti. Abu mai tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi, dokar Newton ta farko kenan, mutumin Ingila da ya wallafa ta a 1687, amma kar ki ɗora wa 'yan aji biyu sunan nan. Ki tambaye su kawai, in mai Keke Napep ya taka birki da ƙarfi ina jikinsu yake yi? Duk za su ce gaba.

Wani kuma da nake so, ki riƙe dutse babba da ƙarami ki sake su tare daga tsayi ɗaya, ki bari su yi musu tukuna, kusan duk za su ce babban zai riga sauka, sai su ga sun dira tare. Sannan takarda biyu, ɗaya a shimfiɗe ɗaya a dunƙule, ta dunƙulen za ta riga don iska ta fi tare shimfiɗaɗɗiyar. Ke za ki riƙe duwatsun fa, kar ki ba su.

Mayen ƙarfe kuma na samo nawa wajen mai gyaran rediyo a kasuwar Wunti, daga tsohuwar sifika. Yana jan ƙusa tun bai taɓa ta ba, ya ƙi itace da roba. Ki nemi babba, ƙananan nan in yaro ya haɗiye hatsari ne sosai.

Ki fara da bencin gobe in Allah ya kai mu, cikin aji ne ba mai ce miki komai, dan Allah ki dawo ki faɗa min abin da suka ce.